Renon Irin Kayan Lambu: Daga Gadon Ƙasa Zuwa Tire

Renon iri shi ne a shuka ƙwayar iri a wani ɗan keɓaɓɓen wuri, a kula da ita har ta tsira ta yi ƙwari, sannan a cire ta a dasa a gona. Ta wannan hanya ake noma tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, yalo, latas, kabeji da danginsa irin su burokoli. Ƙwayar irin waɗannan kayan lambu ƙarama ce ƙwarai: giram ɗaya na irin tumatir ko na kabeji yakan ƙunshi ƙwaya wajen 300. Tsiron da ke fitowa daga cikinta ba ya jure rana mai ƙuna, ko ruwan sama mai ƙarfi, ko cunkoson ciyawa. Saboda haka ya fi wa manomi sauƙi ya tara dubban tsirrai a wurin da bai wuce taku goma ba, yana duba su safe da yamma, da ya bi su ɗaya bayan ɗaya a faɗin eka guda. Akwai kuma kayan lambun da ba a saba dasa su ba, kamar karas da kuɓewa, domin saiwarsu guda ce mai nutsawa ƙasa, kuma idan ta karye shukar ba ta komawa daidai.

A cikin shekaru sittin da suka wuce wannan mataki na noma ya sauya sosai, a ƙasashe masu sanyi da kuma a ƙasar Hausa. Wurin renon ya fara barin ƙasa yana komawa cikin tire mai ramuka, ƙarƙashin gilas ko raga. Irin da manomi ke ajiyewa da hannunsa ya fara ja da baya, wanda ake saya a fakiti ya maye gurbinsa. Abin da ya haɗa waɗannan sauye-sauye shi ne darajar ƙwayar irin kanta. Lokacin da iri yake kyauta ana yafa shi ne ba lissafi. Da ya zama abin saye da tsada, sai kowace ƙwaya ta zama abin tattali.

Abin da ƙwayar iri ke bukata

Bukatun ƙwayar iri dai suna nan yadda suke tun asali, kuma burokoli misali ne mai kyau na su. Burokoli ɗan uwan kabeji ne, asalinsa daga Italiya, kuma abin da ake ci a jikinsa shi ne curin furen da bai kai ga buɗewa ba. Ƙwayarsa tana son damshi, iska da ɗumi. Ana binne ta da zurfin rabin santimita zuwa santimita ɗaya. Idan ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 25 a ma'aunin Salsiyos, takan fito cikin kwana huɗu zuwa bakwai. Idan ƙasar ta yi sanyi sai ta yi jinkiri, idan kuma ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe don rashin iska.

Da zarar tsiro ya leƙo, bukatarsa ta juya: yanzu haske mai yawa yake so da iska mai ɗan sanyi, tsakanin digiri 15 da 20. Tsiron da ya rasa haske yakan zuƙe ya yi tsawo siriri, karansa ya yi fari, ya kasa ɗaukar kansa. Ganye biyu na farko da ke fitowa guzurin da ke cikin ƙwayar ne, ba a lissafa su. Ganyen da ke biyo bayansu su ne ma'auni, kuma burokoli yakan isa dashe idan ya yi huɗu ko biyar, bayan mako huɗu zuwa shida. Idan aka bar shi ya tsufa a wurin reno, ko ya sha yunwa da ƙishirwa, yakan yi gaggawar fitar da ɗan mitsitsin kai bayan dashe, wanda ba ya ƙara girma kuma ba ya sayuwa. Tumatir a ƙasa mai zafi yakan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, tattasai da attaruhu mako biyar zuwa bakwai, albasa kuwa mako shida zuwa takwas.

Babbar abokiyar gabar tsiro a wannan lokaci ita ce ruɓewar gindi. Wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna da ke zaune cikin ƙasa ne ke kawo ta. Gindin tsiron yakan jiƙe ya tsuke daidai inda ya haɗu da ƙasa, sai ya faɗi, kuma cikin kwana biyu cutar kan kwantar da rabin gadon reno. Cunkoso, yawan ruwa da rashin iska su ne ke ba ta dama. Mafi yawan dabarun da aka ƙirƙiro a tarihin renon iri an yi su ne don kauce wa wannan cuta da kuma kare saiwa ranar dashe.

Yadda aka yi a ƙasashe masu sanyi

A Turai da arewacin Amurka, sanyi mai daskarar da ruwa ne ya tilasta reno. Lokacin noma gajere ne, kuma wanda ya jira ƙasa ta yi ɗumi kafin ya shuka tumatir yana iya rasa amfanin kafin ya nuna. Masu lambu a kewayen birnin Faris a ƙarni na 19 sun shahara da wata dabara: sukan tara ɗanyen kashin dawakin da ke jan keken birni, su shimfiɗa ƙasa a kansa, su rufe da akwati mai murfin gilas. Zafin da kashin ke fitarwa yana ruɓewa shi ke ɗumama tsirran, ko da ƙanƙara na sauka a waje.

Matsalar wancan zamani ita ce ƙasar reno. Kowane mai lambu yana da nasa haɗin, wani ya yi kyau wani ya ɗauko cuta. A shekarun 1930 wasu masana biyu a cibiyar John Innes ta Ingila, William Lawrence da John Newell, suka fitar da haɗi mai ma'auni: kashi biyu na ƙasar da aka turara da tururi don kashe cuta, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen gansakukan da ake haƙowa daga fadamun ƙasashen sanyi, da kashi ɗaya na yashi. A farkon shekarun 1960 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka ƙara gaba, suka fitar da haɗin da babu ƙasa a cikinsa sam. A ƙarshen waɗannan shekaru kuma George Todd, a jihar Fulorida, ya fito da tire mai ramuka wanda kowane tsiro ke da nasa rami. Kafin nan manoman arewacin Amurka da yawa sukan sayi irin da aka tuge daga gonakin kudancin jihar Jojiya, a ɗaure shi dami-dami a yi doguwar tafiya da shi saiwa a waje. Tire ya ba da damar a dasa tsiro da ƙasarsa a jikinsa, har ma da inji.

Masu ƙaramin lambu a bayan gida su ma sun bi sahu. Da can bakin taga suke jera tukwane, tsirran suna karkata wajen haske suna zuƙewa. Yanzu sukan rataya fitilar lantarki dab da kan tsirran na awa 14 zuwa 16 a rana, su sa shimfiɗa mai ɗumi a ƙarƙashin tiren. Sukan shuka burokoli a cikin ɗaki mako shida zuwa takwas kafin ranar da aka saba ganin sanyin ƙarshe, domin ya yi kai kafin zafi ya shigo.

Tsohon salo a ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa kuwa, ruwan marka mai dukan ƙasa, zafin bazara, kaji, awaki da fara su ne abin gudu. Lambun da can ƙarami ne, a fadama ko bakin kogi, ana ba shi ruwa da jigo ko da ƙwarya. Iri kuma na gida ne. Manomi yakan zaɓi tumatir mafi kyau da ya nuna sosai, ya matse 'ya'yan, ya cuɗa su da toka, ya shanya a inuwa, sannan ya ƙulle a tsumma ko ya zuba a gora ya rataye a ɗaki. Na albasa ya fi ɗaukar lokaci: sai an ware manyan albasa masu kyan launi, a sake dasa su, su yi fure, a yanke kawunan idan sun bushe a murje. Kuma dole a yi amfani da shi da wuri, domin irin albasa ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa.

Idan damina ta fara ja da baya, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, sai a gyara gado kusa da ruwa. Wasu sukan tara kara da busasshiyar ciyawa su ƙone a kan gadon, wutar ta kashe 'ya'yan ciyawa da cutar da ke saman ƙasa, tokar kuma ta zama taki. Sai a zuba ruɓaɓɓen taki, a baje ƙasar ta yi laushi, a gauraya irin da yashi a yafa, a rufe da ciyawa. Ana yayyafa ruwa a kan ciyawar ne da hannu don kada ya tone irin. Ranar da aka ga tsiro ya leƙo sai a janye ciyawar, a kafa 'yar rumfa ta kara, a kewaye wurin da ƙaya. Wasu gidajen sukan yi renon barkono da tumatir a tsakar gida tun cikin bazara, a tsohon kasko ko kwano mai huda, domin irin ya isa dashe da zarar ruwa ya zauna.

Ranar dashe akan jiƙa gadon sosai, a tuge irin da yamma, a ɗaure shi ƙulli-ƙulli, a bi kwamin da aka ba ruwa ana dasawa. Abin da ya rage akan bai wa maƙwabcin da nasa ya lalace, ko a kai kasuwa.

Wannan salo yana da hikima, kuma ya ciyar da garuruwa shekaru aru-aru. Yana da rauninsa kuma. Yafi yana kawo cunkoso, cunkoso yana kawo ruɓewar gindi da siraran tsirrai. Tugewa tana tsinka ƙananan saiwoyi, don haka dashen yakan yi kusan mako guda yana langaɓe kafin ya kama, wasu kuma su mutu sai an cike gurbi. Amma tun da ba a sayi irin da kuɗi ba, maganin asara shi ne a yafa da yawa.

Lokacin da ruwa ya faɗaɗa lambu

Sauyi na farko ya zo ne ta hanyar ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, yankin da ya zama cibiyar noman tumatir. Madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara ta biyo baya a 1978. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani a matsayin garkuwa daga yunwa. Daga 1993 shirin Fadama na farko, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa a jihohin arewacin Nijeriya. Mutumin da ke iya shayar da 'yan kwamai kaɗan da jigo ya koma shayar da eka biyu ko uku da inji.

Da lambu ya yi girma sai kasuwarsa ta yi nisa. Tumatir ɗin da zai sha tafiyar kwanaki a cikin kwando zuwa kasuwar Mile 12 a Legas dole ya kasance mai tauri da kaurin jiki, ba irin na gida mai ruwa-ruwa ba. Nan ne irin gwangwani ya shigo, musamman Roma VF da UC82B. Waɗannan iri suna haifar kamanninsu, don haka manomi yakan sayi gwangwani ɗaya, ya ci gaba da cire iri daga gonarsa shekara biyu ko uku, sai ya ga ya fara sirkuwa ya sake saye. Gadon reno ya ƙara faɗi a wannan zamani, amma yadda ake yin sa bai sauya ba.

Albasa ta bi wata hanyar dabam. Jar albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar, wadda ake kaiwa har Gana da Kwaddibuwa, ta samo asali ne daga zaɓin da manoman yankin suka daɗe suna yi. Haka kuma manoman Aliero a jihar Kebbi da sauran garuruwan albasa sun ci gaba da fitar da irinsu da kansu.

Iri mai aure da zuwan tire

Sauyi na biyu, wanda ya taɓa wurin renon kai tsaye, shi ne yaɗuwar iri mai aure. Ana samun sa ne ta hanyar haɗa tsatso biyu da aka zaɓa, 'ya'yan farko su fito bai ɗaya, da yawan amfani, wasu kuma da juriya ga cututtukan da ke hana noman tumatir da damina. Sharaɗinsa shi ne ba a cire iri daga jikinsa. Wanda ya cire ya shuka zai ga gona barkatai, wani dogo wani gajere. Saboda haka kowace shekara sai an sayi sabo, kuma ana sayar da shi ne a ƙananan fakiti na 'yan giram, wani lokaci ma da ƙidayar ƙwaya.

Lissafin a bayyane yake. Kadada ɗaya ta tumatir tana ɗaukar shuka 25,000 zuwa 30,000. Idan kowace ƙwaya za ta rayu, giram 100 ya kusa isa. Wanda ya yafa a gadon ƙasa kuwa sai ya tanadi ninki biyu ko uku na wannan. Da irin gida babu wanda ya damu da wannan bambanci, amma da iri mai aure kuɗi ne masu yawa. Wannan ne ya buɗe wa tire ƙofa.

Kamfanonin iri da shirye-shiryen raya noma sun taimaka wajen koyar da sabon salon. Kamfanin East-West Seed, wanda Simon Groot ɗan ƙasar Holan ya kafa a 1982, yana da gonakin gwaji a jihohin Kaduna da Kano inda ake nuna wa manoma reno a tire. Shirin HortiNigeria, wanda ya fara a 2021 da kuɗin gwamnatin Holan, ya yi aiki a Kano, Kaduna, Ogun da Oyo. A Kadawa, inda kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a 2016, an gina babban gidan renon iri mai aiki da injuna.

Ƙwari su ma sun tura manoma neman mafaka. Tsutsar nan mai haƙa cikin ganyen tumatir, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta taso daga Kudancin Amurka, ta bayyana a Sifen a 2006, ta ratso har yammacin Afirka. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Farin ƙuda kuma yana ɗauke da cutar da ke nannaɗe ganye. Yakan sa wa tsiro ita tun yana wurin reno, alamar ba ta fitowa sai bayan dashe, lokacin da babu sauran magani. Kabeji da burokoli suna da tasu tsutsar mai huda ganye. Rumfar kara ba ta tare ko ɗaya daga cikin waɗannan, raga mai ƙananan ido kuwa tana tarewa. Manomin da ba shi da halin sayen ragar noma yakan lanƙwasa sanduna a kan gado ya lulluɓe da gidan sauro.

Yadda ake reno a tire

Tiren da ake samu a kasuwa na roba ne, mai rami daga wajen 70 zuwa 200. Mai manyan ramuka ya fi dacewa da irin da zai daɗe kafin dashe. Ba a cika shi da ƙasar gona zalla, domin tana daskarewa kuma tana ɗauke da cuta. An fi amfani da garin ɓawon kwakwa, wanda sai an jiƙa an wanke shi don rage gishirin da ke cikinsa. Inda ya yi tsada, akan haɗa ƙonannen ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen takin da aka tankaɗe da ƙasa mai laushi. Irin wannan haɗi sai an turara shi a cikin durom, ko a jiƙa shi a rufe da farar leda a rana tsawon mako huɗu zuwa shida a lokacin zafi. Wanda ba shi da tire yana iya naɗe ganyen ayaba ko na mangwaro ya yi 'yan kofuna, ko ya huda ledar ruwan sha ya cika.

Ana sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, a rufe da ɗan haɗin, a yayyafa ruwa, a ajiye a inuwa. Da tsiro ya fara leƙowa sai a fitar da tiren inda haske yake, ko da kwana ɗaya aka ƙara a duhu zai zuƙe. Ana ɗora tiren a kan benci ko katako, ba a ƙasa ba. Saiwar da ta leƙo ta ƙasan rami ta haɗu da iska takan tsaya, sai tsiron ya yi sababbin saiwoyi a ciki, su riƙe ƙasar ta zama dunƙule. Ruwa da safe ya fi, domin ganye ya bushe kafin dare. Da yake garin kwakwa ba shi da abinci, idan ganyen ainihi ya fito akan narka ɗan taki kaɗan a ruwa a riƙa ba su.

Kwana biyar zuwa bakwai kafin dashe ana horar da irin: a rage ruwa, a janye inuwa sannu a hankali har ya saba da cikakkiyar rana da iska. Wannan mataki ɗaya ne da abin da mai lambu a Turai ke yi idan yana fitar da tukwanensa waje na 'yan awoyi kowace rana. Irin da ya isa dashe gajere ne kakkaura, ganyensa kore shar, saiwarsa fara. Ana dasa shi da yamma, a ba shi ruwa nan take. Burokoli yana son tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin shuka da shuka.

Burokoli a Nijeriya

Burokoli baƙo ne a wannan yanki, kuma inda ya fi samun wurin zama shi ne tsaunin Jos, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200. Sanyin wurin da kududdufan da haƙar kuza ta bari sun daɗe da mai da shi gidan kabeji, karas da latas. Daga can ake kai burokoli Abuja da Legas, inda otal-otal da manyan kantuna ke saye. A sauran arewa ana iya noma shi da hunturu kawai, domin idan zafi ya matso digiri 30 kan nasa yakan warwatse ya yi saurin buɗe fure. Don haka ana reno a watan Oktoba, a dasa a Nuwamba, kan ya fito a tsakiyar sanyi. Mai lambu a ƙasar sanyi yana ɓoye tsironsa daga ƙanƙara, na nan yana ɓoye nasa daga rana da ruwan ƙarshen damina, amma manufarsu ɗaya: lokacin yin kai ya dace da makonnin da yanayi ke da sanyi daidai misali. Irinsa daga waje ake shigo da shi, yawanci mai aure, shi ya sa yana cikin kayan lambun da tire ya fi yi wa amfani.

Abin da aka samu da abin da ake rasawa

Ribar sabon salo a fili take. Iri kaɗan yana isa, dashe yana kamawa ba tare da langaɓewa ba, gona tana tashi bai ɗaya, ana kuma iya noman tumatir da damina lokacin da yake tsada. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma babu inda wannan ya fi tabbata kamar a nan: cuta ko yunwar da tsiro ya sha a watansa na farko ba ta gyaruwa da takin da za a zuba daga baya. Reno ya kuma zama sana'a mai zaman kanta. Matashi ko macen da ba ta da gona tana iya kafa rumfar raga a tsakar gida, ta reni iri ta sayar wa manoma da ƙidaya.

Akwai kuma abin da ya zo da shi na nauyi. Irin, tiren, garin kwakwar da ragar galibi daga waje suke zuwa, don haka farashinsu yana bin dala, abin da manoma suka ji a jikinsu bayan faɗuwar darajar naira daga 2023. Tsadar iri ta jawo masu jabu, kuma manomi ba ya gane an cuce shi sai bayan wata biyu ko uku. Dokar iri ta Nijeriya ta 2019 ta ƙara wa hukumar kula da irin shuka ta ƙasa ƙarfi, an kuma fito da lambar da ake kankarewa a jikin fakiti don tantance sahihancinsa, amma wannan kariya tana amfani ne ga wanda ya san da ita. Tsofaffin tire da leda suna taruwa a bakin gonaki. Kyautar iri tsakanin maƙwabta tana raguwa, domin abin da aka saya da ƙidaya ba a cika bayar da shi a dami ba.

Asarar da ta fi girma ita ce ta sani. Zaɓen shukar da za a bar wa iri, gane wadda ta jure zafi ko ta daɗe ba ta ruɓe ba, da adana irin har shekara ta zagayo, ilimi ne da ake koya a gona daga hannu zuwa hannu. Shi ne ya samar da albasar Galmi da nau'o'in barkono, yalo da gauta da suka dace da ƙasa da miyar mutanenta. Idan aka daina shuka wani nau'i na 'yan shekaru, irinsa yakan mutu a cikin gora, kuma babu kantin da za a same shi.

A yau salon biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma kowanne yana da muhallinsa. Albasa, wadda kadada ɗaya ke ɗaukar dubban ɗaruruwan tsirrai, tana nan a gadon ƙasa, domin tire ba zai biya kuɗinsa ba. Gadon kansa an gyara shi: faɗin mita ɗaya don hannu ya kai tsakiya, tudun santimita 15 da damina, shuka a layi mai tazarar santimita 10 maimakon yafi, da raga a sama. Waɗannan gyare-gyare ba sa cin kuɗi sosai, kuma suna rage ruɓewar gindi ƙwarai. Tumatir mai aure, tattasai, kabeji da burokoli kuwa sun fi dacewa da tire. Abin da ke raba gardama shi ne farashin irin, yawan tsirran da ake bukata, da lokacin shekara. Manomin da ya iya duka biyun, yana reno a tire don kasuwa yana kuma ware 'yan kwamai don fitar da irin gida, shi ne ya fi tsira a shekarar da fakiti ya yi tsada ko ya yi wuyar samu.